Tambayoyi da amsoshi kan koya wa yaro bugun ƙwallon besbol tun daga farko

Assalamu alaikum. Ni mazaunin Bronx ne a birnin Niyok, kuma shekaru ke nan ina taimakawa wajen horar da ƙananan yara wasan besbol a unguwarmu, 'yan shekara 6 zuwa 12. Ban tashi da wasan ba, nima ƙwallon ƙafa na sani, sai da ɗana ya shiga ƙungiya sannan na zauna na koya a wajen waɗanda suka tashi a cikinsa. Duk lokacin da aka fara rajistar yara sai 'yan'uwa su riƙa tare ni bayan sallar Juma'a, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana, kowa da tambayarsa, kuma kusan duk a kan abu ɗaya ne, yaro yana kaɗa sanda yana dukan iska. Shi ya sa na tattara su wuri guda.

Malam, ni ban ma gane wasan ba, me ake so yaron ya yi in ya riƙe sandar?

A taƙaice mai jifa zai jefo ƙwallo ta saman wani farin faranti da ke ƙasa, faɗinsa inci 17, shi kuma mai bugu yana tsaye gefen farantin da sanda yana so ya make ta cikin fili ya ruga. In ya kaɗa sanda ya kuskure, ko ƙwallo mai kyau ta wuce ta saman faranti bai kaɗa ba, an ci shi sitiraik ɗaya. Uku ya fita. In kuma mai jifan ne ya jefa ba daidai ba har sau huɗu yaron bai kaɗa ba, to ya samu bes na farko kyauta, wato zango na farko da mai bugu ke rugawa ya taka. A Little League, wato ƙungiyar da ke shirya gasar besbol ta yara, ƙwallo mai kyau ita ce wadda ta bi ta saman faranti tsakanin hammata da saman gwiwa. Wannan kaɗai in ka riƙe ya ishe ka ka gane abin da ke faruwa da ɗanka.

Yarona ya buga wasa uku bai taɓa ƙwallo ko sau ɗaya ba, ko dai bai da baiwar ne?

Ɗan'uwa kar ka yanke masa hukunci tun yanzu. Ka duba abin da ake nema daga gare shi, sanda zagayayya, ƙwallo zagayayya wadda ba ta fi lemon zaƙi girma ba, kuma a filin yara tazarar mai jifa da faranti ƙafa 46 ce kacal, wajen mita 14. Ƙwallon da aka jefo da gudun mil 50 a awa tana isowa cikin ɗan abin da ya haura rabin daƙiƙa. A wajen manya tazarar ƙafa 60 ce da inci 6, amma jifar mil 90 tana isowa cikin kamar kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan lokacin ne zai ga ƙwallon, ya yanke shawara, ya kaɗa.

Shi ya sa a babbar gasar MLB wanda yake samun bugu mai kyau sau 3 cikin 10 gwani ne na gaske, ana biyansa miliyoyi. Ted Williams na Boston Red Sox ya samu .406 a 1941, wato sau 4 cikin 10 da ɗoriya, kuma tun daga wannan shekarar ba a sake samun wanda ya kai 4 cikin 10 a kakar wasa guda a gasannin American da National, rukunai biyu na MLB, ba. To in manya suna faɗuwa sau 7 cikin 10 ana tafa musu, yaron da ya fara riƙe sanda wata biyu da suka wuce me ya yi? Da rarrafe yaro kan tashi. Ni abin da nake dubawa a wasannin farko ba ko ya taɓa ƙwallo ba ne, ina duba ko yana kaɗa sandar da zuciya ɗaya ko kuwa yana tsaye yana addu'ar a ba shi bes kyauta. Mai kaɗawa yana kuskure zai gyaru da wuri.

Wace sanda zan saya masa? Na ga wasu har dala ɗari uku.

Bar ta ɗari uku tukuna. Babban kuskuren da iyayenmu ke yi shi ne wanda muka saba yi da kayan sallah, a saya wa yaro babba wai zai girma ya cika ta. Riga ana iya naɗe hannunta, sanda kuwa in ta yi wa yaro nauyi ita za ta riƙa jansa, kan sandar ya faɗi ƙasa, kafaɗar baya ta zube, ya makara kullum, kuma jikinsa zai haddace wannan mummunan salon har ya zama sai an sha wuya kafin a cire masa.

A jikin kowace sanda za ka ga lamba biyu, tsawo da inci da nauyi da oza, sai wata lamba kamar -10 ko -11. Wannan bambancin tsawo da nauyi ne, sanda mai inci 28 da oza 18 ita ce -10, kuma yadda lambar ta ƙaru haka sandar ke ƙara rashin nauyi. Ƙananan yara -10 zuwa -12 ya fi musu. 'Yan sakandare su ne ake wajabta wa -3 mai tambarin BBCOR, wannan ba ruwanka da ita yanzu. Abin da ya shafe ka shi ne tun Janairun 2018 Little League ba ta yarda da sandar ƙarfe sai mai tambarin USA Baseball, ka duba shi kusa da mariƙi musamman in kwance za ka saya, don alƙalin wasa zai iya cire ta kafin a fara yaro ya tsaya yana kuka.

Gwajin da nake yi a shago, yaro ya riƙe sandar da hannu ɗaya ya miƙe ta gefe daidai kafaɗa. In bai kai daƙiƙa 20 ba hannun ya fara rawa kan sandar ya sunkuya, ta yi masa nauyi. Tsawo kuma a ɗora gindinta a tsakiyar ƙirjinsa a miƙe ta gefe, in ƙarshenta ya zo daidai 'yan yatsunsa to ta yi. In an riga an saya ta ɗan yi tsawo, ya matsar da hannayensa sama inci ɗaya ko biyu daga gindi. Babu abin kunya a ciki, Barry Bonds haka yake riƙewa kuma babu wanda ya fi shi yawan bugun da ke tsallake katanga a tarihin MLB.

Yaya riƙon yake?

Mai bugu ta dama hannun hagu ne a ƙasa kusa da gindin sanda, na dama a sama, kuma hannayen biyu su haɗe babu tazara. Bahago akasin haka. Sandar ta kwanta a gindin 'yan yatsu, ba can cikin tafin hannu ba. Yadda nake nuna musu, su ajiye kan sandar a ƙasa gabansu, su ɗora mariƙin a kan 'yan yatsu su naɗe, sannan su ɗaga. In ya yi daidai gaɓoɓin da ake ƙwanƙwasa ƙofa da su na hannu biyun za su kusa jeruwa.

Kuma kar ya damƙe ta kamar za a ƙwace. In ka ga yatsun yaro sun yi fari to tsoro ne ya taru a hannun, wuyan hannu ya sandare, sandar ba za ta yi gudu ba. Nakan zo ta baya in ja sandar a hankali, in ta ƙi motsi ko kaɗan in ce sassauta.

Tsayuwa fa? Na ga kowane ɗan wasa a talabijin da irin tasa.

Gaskiya ne, amma ka lura duk inda suka faro, lokacin da ƙafar gaba ta sauka kusan kamanninsu ɗaya. Yaro ya fara da mai sauƙi, ƙafafu su ɗan fi kafaɗa faɗi, yatsun ƙafa biyu a layi ɗaya suna kallon faranti, gwiwa a ɗan tanƙware, nauyi a gaban tafin ƙafa ba a dunduniya ba, hannaye kusa da kafaɗar baya, sannan fuska ta juyo sosai ido biyu duka suna kallon mai jifa. Wannan na ido biyun mutane ba sa lura da shi, yara da yawa da ido ɗaya suke kallo ta gefen hanci. Tazararsa da faranti kuma, ya miƙa sanda ya taɓa gefen faranti na can nesa ba tare da ya faɗa gaba ba.

In ka tura shi kaɗan a kafaɗa ya yi tangaɗi, tsayuwar ba ta yi ba.

To ainihin bugun, daga ina ƙarfin yake fitowa? Ɗana siriri ne ba shi da damtse.

Nan ne nake so a tsaya sosai, don nan ne mafi yawan masu koyarwa na gida ke ɓata yara. Ƙarfin bugu ba a damtse yake ba, daga ƙasa yake tasowa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe ya san ɗan damben da ke kayar da mutum ba hannu kawai yake jefawa ba, yana kafa ƙafa, ya ɗan koma baya, ƙugu ya murɗa, sannan hannun da aka naɗe ya biyo baya kamar bulala. Haka bugun besbol yake sak, kuma da na fara yi wa iyaye wannan kwatancen sai na ga sun gane nan take.

Jerin shi ne, mai jifa na ɗaga ƙafa yaro ya ɗan mayar da nauyinsa kan ƙafar baya, kaɗan fa, ba jingina ba. Sai ƙafar gaba ta yi ɗan taku gajere ta miƙe wajen mai jifa, ta sauka a hankali kamar mai taka ƙwai, a lokacin hannaye suna nan baya ba su taho ba. Dunduniyar gaba na taɓa ƙasa sai ƙugu ya juya, cibiya ta nufi mai jifa, dunduniyar baya ta ɗaga da kanta, kafaɗu su biyo, sannan hannaye su taho kusa da jiki gindin sanda a gaba, kan sandar shi ne na ƙarshen zuwa. A daidai lokacin da sanda ta haɗu da ƙwallo ƙafar gaba ta miƙe ta tokare, tafin hannun sama yana kallon sama na ƙasa yana kallon ƙasa, kai bai motsa ba, kuma haɗuwar ta kasance daidai ƙafar gaba ba kusa da ciki ba. Daga nan ya bar sandar ta ƙarasa zagayenta har bayan kafaɗa, kar ya taka mata birki.

Akwai wani yaro ɗan shekara 8 da aka kawo mana, siriri kamar kara, duk bugunsa ƙwallon sai ta mirgina ta tsaya gaban mai jifa. Da na tsaya gefensa sai na ga ƙafafunsa kamar an kafe su da ƙusa, hannu kawai ke aiki. Sai na karɓe sandar na sa masa ita a bayan ƙugu ya maƙale ta da gwiwoyin hannu, na ɗora ƙwallo a kan ti, wato bututun roba mai tsayuwa, daidai ƙugunsa na ce ya ture ta da kan sandar ba tare da ya taɓa da hannu ba. Dole sai ya murɗa. Sau goma sha biyar ya yi, na mayar masa da sandar hannu, bugu na uku ƙwallon ta tashi ta wuce kan yaron da ke tsaron bes na biyu. Bai ma gudu ba, tsayawa ya yi yana kallon hannunsa, sannan ya juyo yana neman mahaifiyarsa a bayan wayar shingen fili. Damtsen da ya zo da shi da safe shi ne dai a jikinsa.

Amma don Allah kar ka karanta wa yaro wannan jerin gaba ɗaya. Kai ne za ka san shi. Shi abu ɗaya za ka ba shi a rana.

Ya riƙa saro ƙwallon daga sama ne ko ya ɗago ta daga ƙasa?

Ko ɗaya. Mai sarowa kamar mai faskare ƙwallon ƙasa za ta riƙa nutsewa, mai kwasowa daga ƙasa kuma ko ya kuskure ko ta tashi sama tsaye a cafe. Ƙwallon da aka jefo tana zuwa ne tana ɗan gangarowa, don haka sandar ta shiga hanyarta da wuri ta bi ta da ɗan hawa kaɗan, abin da Ted Williams ya daɗe yana koyarwa ke nan. Ga yaro ba sai an yi dogon bayani ba, ka ce masa ya nemi ƙwallon ta tafi a miƙe ta wuce daidai kan mai jifa. In yana neman wannan jikinsa zai samo hanyar da kansa.

Ɗana ya ce ti na jarirai ne, ba zai yi ba.

Ti shi ne wannan bututun roba da ke tsaye ana ɗora ƙwallo a kansa, kuma na san dalilin yaron, don 'yan shekara 4 zuwa 7 da shi suke wasansu. Ka gaya masa ƙwararrun da yake gani a filin Yankees, ƙungiyar MLB ta nan Bronx, da shi suke fara ɗumama jiki kafin wasa. Tony Gwynn na San Diego Padres, wanda ya ci kambin gwanin bugu sau 8 ya kuma yi ritaya da .338, an san shi da yawan aiki a kan ti duk tsawon rayuwarsa ta wasa. Wanda bai iya buga ƙwallon da ke tsaye ta tafi a miƙe ba, ta yaya zai buga mai gudu?

Abin da ake ɓatawa shi ne wurin ajiye shi. Kar a dasa ti a tsakiyar jikin yaro, a sa shi gaba daidai inda ƙafar gaba za ta sauka bayan taku. Ƙwallon da ke zuwa kusa da jiki ana bugunta a ɗan ƙara gaba, wadda ke nesa da jiki kuma a ɗan baya, to ka riƙa matsar da shi, kana ɗagawa kana saukewa. Kuma kafin kowane bugu yaro ya kalli gaba inda mai jifa zai tsaya sannan ya dawo da ido kan ƙwallon. Bugu 20 zuwa 30 masu kyau sun fi 100 na gajiya, da zarar na ga kafaɗa ta fara zubewa nake tsayar da su.

Bayan ti sai jifar gefe, ka durƙusa gefensa ta gaba kaɗan kana ɗaga masa ƙwallo a hankali daidai ƙafar gaba yana bugawa cikin raga. Bayan nan jifar gaba daga kusa, da hannu ta ƙasa, kai kuma kana bayan raga mai kariya. Wannan ragar ba ado ba ce, ƙwallon besbol tana da tauri kamar dutse, nauyinta oza 5, kuma yaro ɗan shekara 10 zai iya fasa maka baki da ita.

Yana tsoron ƙwallo, da an jefo sai ƙafarsa ta gaba ta gudu waje.

Wannan shi ya fi komai yawa, musamman shekarar da yara suka fara jefa wa junansu, don masu jifan ma koyo suke, ƙwallon tana zuwa inda ta ga dama. Abu na farko, kar ka ce masa matsoraci, kar kuma ka ce masa ba zafi. Akwai zafi, ya sani, in ka yi masa ƙarya ya daina yarda da kai.

Abin da ke cire tsoro shi ne yaro ya san abin da zai yi in ƙwallo ta nufo shi. Ana koya masa ya juya baya, wato ya murɗa kafaɗar gaba ciki wajen mai cafewa da ke tsugune bayan faranti, ya sunkuyar da kai, ya sauke sandar ƙasa, ƙwallon ta same shi a baya ko a ɗuwawu maimakon fuska ko ƙirji. Nakan yi musu da safa da aka dunƙule, daga nan ƙwallon tanis, ina haɗawa wata a kan faranti ya buga wata a jikinsa ya juya. Sai ka ga sun mayar da shi wasa suna dariya. Ita kuma ƙafar da ke guduwa, ka zana layi a ƙasa da alli daga ƙafarsa zuwa wajen mai jifa ka ce ta sauka a kan layin. Wasu na ajiye sanda ko bokiti a bayan dunduniyar yaro, ni ba na yi, yana iya takawa ya gurɗe.

Hular kwano kuma dole ce ko a atisaye, mai rufe kunne, wadda ta zauna daram ba ta rawa, in da hali mai kariyar muƙamuƙi.

Koci ya ce yana zagayo da sanda ta waje. Me ke nan?

Yana nufin hannayen yaron suna miƙewa su bar jikinsa tun farko, sandar ta yi dogon zagaye kamar mai jefa taru, kafin ta iso ƙwallo ta wuce, ko ta same shi kusa da mariƙi hannu ya ɗauki zogi. Maganin da na fi gani yana aiki, ya tsaya yana fuskantar ragar fili, ya sa gindin sanda a cibiyarsa kan sandar ya taɓa ragar, wannan ce tazarar, sai ya kaɗa a hankali ba tare da sandar ta taɓa raga ba. Da farko zai ce ba zai yiwu ba. In ya juya ƙugu ya riƙe hannu kusa da jiki zai wuce lafiya lau.

Ina jin iyaye na ihu "ɗaga gwiwar hannu", "sa ido a ƙwallo". Nima in riƙa yi?

Yaya, don girman Allah a'a. Yaro yana cikin akwatin bugu yana da rabin daƙiƙa, koci na faɗar abu ɗaya, baba na faɗar wani da Hausa, wata uwa na faɗar wani da Sifaniyanci, me zai ji? Na ga yaran da kafin kowace jifa sai sun waiwaya sun kalli mahaifinsu, kuma na san wannan yaron ba zai buga ba, hankalinsa na bayan waya. Nima na yi wa ɗana haka a shekararsa ta farko, har ranar da ya ce min a mota shi ya fi so in tsaya can wajen bishiya inda ba ya jin muryata. Maganar ta zauna min a rai har yau, kuma tun da na koma wajen bishiyar bugunsa ya sake.

Ita kanta maganar ɗaga gwiwar hannu ba doka ba ce, akwai gwanaye masu ɗagawa akwai masu saukewa, kuma yaro in an matsa masa sai ya ɗaga ta har kunne kafaɗa ta sandare. Sa ido a ƙwallo kuma gaskiya ce amma ba ta gaya masa yadda zai yi ba. Gara a atisaye ka shafa wa wasu ƙwallaye ja wasu shuɗi ka ce ya faɗi launin yana bugawa, ko ya tsaya ba sanda yana bin ƙwallon da ido tun daga hannun mai jifa har safar mai cafewa yana cewa mai kyau ce ko mara kyau. Gyara a ranar atisaye ake yi. Ranar wasa ka tafa masa, ka ba shi ruwa, a mota kuma ka bari shi ya fara ɗauko zancen.

Ɗana bahago ne, in mayar da shi dama?

Na san mun tashi ana kwaɓar hannun hagu wajen cin abinci da miƙa abu, wannan daban. A besbol mai bugu ta hagu riba gare shi, ya fi kusa da bes na farko, kuma mafi yawan masu jifa na dama ne, shi kuwa ya fi ganin ƙwallonsu da kyau. Babe Ruth da Ted Williams da Tony Gwynn duk ta hagu suke bugu, Ichiro Suzuki ɗan Japan ma da dama yake jifa amma ta hagu yake bugu, kuma shi ne ya yi bugu 262 a kakar 2004. Ka ba shi sanda ya gwada ɓangare biyun a kan ti, inda ya fi sakewa ka bar shi a nan.

'Ya mace fa?

Tun 1974 Little League ke karɓar 'yan mata, akwai kuma sofbol mai babbar ƙwallo da jifa ta ƙasa. Bugun iri ɗaya ne, duk abin da na faɗa a sama ya shafe ta. Kayan wasan ma dogon wando ne, kuma ƙaramin hijabi mai kama kai yana shiga ƙarƙashin hular kwano, sai dai a gwada hular tare da shi a shago don kar ta matse.

Akwai amfanin ɗaukarsa bidiyo?

Sosai ma, gani ya kori ji. Ka ce wa yaro kansa na motsi zai yi maka musu, ka nuna masa a waya sai ya yi shiru. Tony Gwynn yana cikin na farkon da suka mayar da kallon bidiyon bugunsu sana'a tun zamanin kaset. Ka tsaya gefe kana fuskantar ƙirjinsa, nesa da inda sanda za ta kai, ka ɗauka da tsarin nan mai rage gudu. Ka duba abu uku kawai, kai ya tsaya? ƙugu ya riga hannu? a ina sanda ta haɗu da ƙwallo? Ka fara nuna masa abin da ya yi daidai kafin ka nuna ɗaya da za a gyara.

Akwai ɗan Afirka da ya taɓa kaiwa wani wuri a wasan nan kuwa?

Akwai. Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu ya buga wa Pittsburgh Pirates a watan Afrilun 2017, shi ake ƙirgawa na farko daga nahiyar a MLB, kuma a tsayuwarsa ta farko ya samu bugu mai kyau. A 2012 kuma yaran Lugazi na Yuganda sun zama tawagar Afirka ta farko da ta buga gasar duniya ta Little League a Williamsport, garin da aka kafa ƙungiyar a 1939. Nakan ba yaranmu labarin nan don wasunsu na ganin wasan na 'yan Dominikan ne da Turawa kawai.

Gidanmu bene ne ba tsakar gida, kuɗin kejin atisayen bugu kuma da tsada, ga sanyi rabin shekara. Ya zan yi?

Maƙwabtanmu 'yan Dominikan sun riga sun ba mu amsa. A ƙasarsu yara da sandar tsintsiya da murfin babbar robar ruwa suke wasa, suna ce masa vitilla, murfin yana lanƙwasa a iska yana zillewa, sandar kuma siririya, wanda ya saba buga wannan in ya ga ƙwallon gaske sai ta zame masa kamar kabewa. Za ka gan su suna yi a gefen titi da filayen makaranta a nan Bronx, ka kai ɗanka ya shiga cikinsu, ba sa korar yaro.

A cikin ɗaki kuma ana aikin ƙugun nan na sanda a baya, ana tsayawa gaban madubi a yi taku a hankali ana kallon kai ko yana motsi, ana buga dunƙulen safa da sandar tsintsiya cikin bargon da aka rataya a ƙofa. Ka dai tabbatar ƙannensa ba sa kusa, dokata a gida da fili ɗaya ce, ba mai ɗaga sanda sai ya waiwaya ya ga babu kowa, ita kanta Little League ta hana yara 'yan ƙasa da 13 kaɗa sanda a gefe suna jiran layinsu saboda haka. Minti 15 sau uku ko huɗu a mako ya wadatar, ko bayan an taso daga islamiyya ne. Da garin ya fara ɗumi a Afrilu sai ku ɗauki ti da bokitin ƙwallaye ku nufi Heritage Field da ke Macombs Dam Park, inda tsohon filin Yankees yake a da, tsallaken titin 161 daga sabon. Ku je da sassafe ranar Asabar ko Lahadi kafin ƙungiyoyin da suka karɓi izini su iso, ku tafi da safar hannu ta bugu don sandar ƙarfe tana sa zogi a tafi in da sauran sanyi.